Hoton da Aka Ara wa Idanu

Kwana da kwanaki ke nan abin nan yana cina a rai. Ko mijina da ke tuƙin mota a Fatakwal ban sanar masa ba, don mai hawan jini ne. Ku yi haƙuri da rubutuna, ni a firamare na tsaya. Amma dole na rubuto muku, domin ranar Alhamis matar za ta dawo.

Mardiyya ita ce 'yata ta fari. Sana'arta gyaran hoto. Za ka turo mata hotonka na waya, ta sa shi a kwamfuta, ta yi ta shafa shi da wani ɗan alƙalami har ya koma kamar wanda aka zauna aka zana da fenti. Fata ta yi sumul, mayafi ya fito da sawun buroshi. Amare suna so. Waɗanda iyayensu suka rasu sun fi kowa so. Su kawo ɗan fasfo da ya koɗe, ta mayar musu da shi babba, a wanke a sa a firam.

Ta taɓa nuna mini yadda take yi. Ta ce, "Umma, duk aikin nan banza ne in babu ido. Kin ga ɗan farin ɗigon nan a ƙwayar ido? Shi ne ran hoto. In babu shi, gawa kika zana." Ta ce in hoto ya lalace sosai, takan aro ido daga wani hoton ta liƙa, ta daidaita kala, ba mai ganewa. Na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da tsintar shinkafata.

Ranar da matar ta zo an yi ruwa da la'asar, tsakar gida duk laka. Ana dab da kiran magariba. Ina alwala a bakin rariya sai na ji an ce, "Gafaranku dai."

Babu sallama.

Na waiwaya baya, don daga bayana muryar ta fito. Ba kowa. Da na juyo, ga ta a gabana, tsaye a ƙofar zaure. Doguwa ce, siririya, da baƙin mayafi na saƙi irin na mutanen da. Wani wari ya biyo ta, kamar na guga da aka daɗe ba a shanya ba.

"Nan ne gidan mai zanen fuska?"

"Nan ne, Iya. Amma magariba ta yi. Ki bari da safe."

"Ba zan daɗe ba."

Mardiyya ta ji mu, ta fito ta shimfiɗa tabarma. Matar ba ta zauna ba. Ta kwance bakin mayafinta ta zaro wani ɗan hoto, fari da baƙi. Budurwa ce kamar sa'ar Mardiyya, da ɗankwali. Komai na fuskar yana nan lafiya. Idanun ne kaɗai ruwa ya cinye, suka yi fari fat.

"'Yata ce. A buɗe mata ido."

"Kina da wani hoton nata, Iya, in ga yadda idonta yake?"

"Babu. Ki sa mata naki."

Mardiyya ta yi dariya. "Kai, Iya! Ai nawa ƙanana ne."

"Sun yi mini."

Ta ajiye wani tsohon tandun kwalli a kan tabarma, ta ce tukuici ne, sauran sai ta zo karɓa, Alhamis ta sama. Da za ta tsallake rariya sai ta ɗan ɗaga zaninta saboda laka. A nan na gani. Dunduniyarta ce a gaba. Yatsun suna kallonmu, ita kuwa tana fita.

Na buɗe baki in yi a'uziyya, harshena ya ƙi. Sai da liman ya ta da kabbara na samu kaina.

Na kama hannun Mardiyya na ce, "Kar ki taɓa hoton nan. Na haɗa ki da Allah."

"Umma, duhu ne ya yi miki gizo. Tsohuwa ce kawai da kewar 'yarta."

Ta ce mini to, ta bari. Washegari na tafi suna a maƙwabta. Kafin in dawo ta gama. Ta ce tausayin tsohuwar ne ya hana ta sakat. Ta ɗauki kanta hoto a bakin taga, ta yanko idanunta, ta ɗora wa yarinyar.

Ban taɓa ganin ta yi aiki mai kyau irin wannan ba. Yarinyar kamar za ta yi magana. Na matsa dama, ta bi ni da kallo. Na matsa hagu, ta bi ni.

"Duk zane mai kyau haka yake, Umma."

Idon 'yar da na shayar ne yake kallona daga fuskar baƙuwa.

A hankali abin ya fara. Ta kasa zura zare a allura. Ta zuba shayi a gefen kofi. Ta yi tuntuɓe da buta da rana tsaka, ta ce wa ya ajiye ta a hanya, alhali kullum nan take. Na kai ta asibitin ido, likita ya haska ya sake haskawa, ya ce bai ga komai ba, ta rage kallon kwamfuta. A hanyar dawowa, cikin a-daidaita-sahu, na kalle ta da kyau. Rana tana dukan fuskarta. Amma ɗan farin ɗigon nan babu shi a idonta.

Da muka iso na ce ta buɗe hoton. A can kuwa ɗigon har sheƙi yake. Kuma yarinyar ta daina kallonmu. Ƙofar zaure take kallo.

Na ce, "Goge shi. Yanzu, a gabana."

Ta ɗora alƙalamin a gefen idon hagu. Ɗan kaɗan ta shafa. Sai ta ƙwalla ƙara ta dafe fuska, ta faɗo daga kujera. "Umma, barkono! Idona!" Da lalube ta danna abin da ke mayar da aiki baya. Nan take zogin ya tsaya. Amma idon nan na hagu har yau ja ne.

Na aika aka kira mini Yaya Asabe, 'yar wan mahaifina, wadda ta girme ni sosai. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba. Ta ce a rufe ƙofa. Ta rage murya.

"Ta ina ta fita?"

"Ta lungun tsohuwar marina."

"Na sani." Ta matso kusa da ni. "Kin tuna Tanimu mai hoto?"

"Makahon nan da ke zama bakin masallaci muna yara?"

"Ni na san shi da idonsa. Shagonsa yana bakin lungun. A lokacin da fensir ake gyara hoto. Mace ta zo masa da magariba da hoton ɗanta. Ya kalli madubi, ya kwaikwayi idon kansa ya zana wa yaron. Ranar da ta dawo ya miƙa mata da hannunsa. Ya ce bayanta shi ne abu na ƙarshe da ya gani a duniya."

"Innalillahi. Yaya, to in ba mu ba ta ba fa?"

"Wannan ban sani ba. Ban taɓa jin wanda ya hana ta ba." Ta miƙe tana gyara mayafi. "Ku dai daina bin lungun nan ku kaɗai. Kuma duk wanda ya zo da magariba bai yi sallama ba, ba a shimfiɗa masa tabarma."

Tandun nan na ɓoye shi a ƙasan akwati. Ashe Mardiyya ta lalubo shi. Ganinta kullum ƙara dushewa yake, ta gaji da duhu, ta ce bari ta gwada. Jiya da hantsi sai ga ta ta fito tsakar gida ba ta dafa bango ba, idonta ram da kwalli.

"Umma, ina gani! Har zaren da ke bakin hijabinki ina gani."

Na fara hamdala. Sai na ga ta tsaya cak.

"Wace ce wannan?"

"Wa?"

"A kan turmi. Mai ɗankwali." Muryarta ta koma raɗa. "Ba ta da ido, Umma. Ba ta yin komai. Jira take."

Ni ban ga kowa ba. Turmi ne kawai a kife. Kafin azahar kwallin ya sake ta, duhun ya dawo fiye da da. Tun jiya ba wanda ya yi daka a gidan nan.

Addu'a muna yi, ba dare ba rana. Malamin unguwarmu ya yi mata tofi, ya ce a ƙone na takardar, a goge na kwamfutar da bisimillah, a dogara ga Allah. Na yarda da Allah. Amma shi bai ji ƙarar da ta yi ba, ni na ji.

Ɗazu na zauna kusa da ita na ce, "Mardiyya, in ba gogewa aka yi ba fa? In aka ɗora wani ido a kai, sannan aka zare naki ta ƙasa, yana yiwuwa?"

"Yana yiwuwa mana. Amma idon wa za a..." Sai ta tsaya. Ta lalubo hannuna ta riƙe gam. "Wallahi Umma ba zan yi ba. Ko za ki tsine mini."

Ni dai na riga na je bakin tagar. Na buɗe idona sosai na ɗauka da wayata. Na duba, ɗigon yana nan. Kwallin da ya rage a tandu zai ishe ta gani na zama ɗaya, in na matsa mata da girman haihuwa na san za ta yi tana kuka. Ni na ga aurena, na ga 'ya'yana, na ga fuskar uwata kafin a rufe ta. Ita ba ta ga komai ba tukuna.

Sai dai ƙannenta ƙanana ne, har yanzu ni nake musu wanka. Kuma matar cewa ta yi na Mardiyya ne suka yi mata. In ta duba ta ga idon tsohuwa, ban san me za ta ɗauka a madadi ba.

'Yan uwa, don Allah ku faɗa mini. In bi maganar Malam in ƙone? In kulle zaure ranar Alhamis mu yi shiru a ɗaki? Ko in ba ta nawa?

Ku amsa mini da wuri. Yanzun nan Mardiyya ta tambaye ni ko an ɗauke wuta ne, ga shi kuwa rana tana tsaka.