Yamai Ko Sakkwato, Wasila?

Ranar da Munkaila ya fara ganin Wasila, sai da ta kushe albasarsa kafin ta gaishe shi.

Ya taso ne daga Badaguishiri da injin ban-ruwan garkarsu ɗaure a bayan babur, ya kawo wa Malam Idrissa makaniki gyara a Ƙonni, ya haɗo da 'yar albasa ta tsaraba. Wasila, ɗiyar Malam Idrissa, ta kawo wa babanta abincin rana, littafin shirin bak, jarrabawar gama sakandare, a hammata. Ta ɗauki albasa ɗaya, ta danna wuyanta da babban yatsa.

"Wagga ba ta kai damina cikin rumbu," ta ce. "Ruɓa ta kama ta tun daga wuya."

"Sannu, likitar albasa," in ji Munkaila. "Ina wuni dai?"

Sai a lokacin kunya ta kama ta, ta ja gyale ta fice. Shi kuwa bawan Allah, tun daga ranar injinsa bai sake lafiya ba. Duk ranar kasuwa sai ga shi a Ƙonni, wai injin yana wani ƙara. Malam Idrissa ya kwance, ya duba, bai ga komai ba, ya ɗaure ya miƙa masa. Ai makaniki ya san injin da ke ciwo da mai injin da ke ciwo.

Ba a daɗe ba saƙonni suka fara kai-kawo.

"Likitata, albasar da kika kushe ta ruɓe wallahi. Yanzu zuciyata ta saura, ki duba min ita."

"Manomina, zuciya ba ta cikin karatuna. Amma kawo ta, in ajiye maka."

Da sakamakon bak ya fito, Wasila ta ci da kyau. Aka yi guɗa, aka sha lemo, aka watse, sannan ainihin wahala ta fara, don yanzu sai ta zaɓi jami'a kafin a rufe rajista. Ita abin da take so ba ɓoyayye ba ne: fannin noma, inda ake binciken cutar shuka. Malaminta na lise, wato babbar sakandare, ya ce mata in da gaske take, ta nufi babbar jami'ar Yamai, inda akwai labo, ɗakin gwaje-gwaje, da manyan malamai da ɗalibai kamar kasuwa.

Malam Idrissa bai ƙi karatu ba, sharaɗi ɗaya kawai ya kafa. "Ɗiyata ba ta zama gidan kwanan ɗalibai, inda babu babba. Ki nemo garin da muke da gida."

To, a Yamai ba su da ko maƙwabcin maƙwabci. A Tawa ma haka.

Sai ga wayar Gwaggo Shatu, ƙanwar Malam Idrissa, wadda ke aure a Sakkwato. "Haba Yaya! Ga babbar jami'a a ƙofar gidana, ana neman masauki? A kawo min ɗiyata, ɗaki na nan."

Nan kan Wasila ya ɗaure. Yamai ƙasarta ce, amma yini guda ne a mota. Sakkwato wata ƙasa ce, amma mutum ya tafi da safe ya dawo kafin la'asar. A Yamai da Faransanci za ta ci gaba. A Sakkwato sai ta koma koyon Ingilishi kamar 'yar lakwal ta ajin farko, ita da ba ta wuce gaisuwa ba. Innarta Tsahara ta ce Sakkwato, don in ciwo ya kama ta a je da wuri. Malaminta ya ce Yamai. Ƙawayenta kowa da nata, har da mai cewa a bar karatun a yi aure a huta. Da safe sai Wasila ta tashi 'yar Yamai, kafin azahar ta koma Basakkwata, da magariba kuma ba ta san ko ita wace ce ba.

Akwai kuma Jamilu, ɗan Gwaggo Shatu, taubashinta. Tun suna yara ba ya kiranta sai da "matata", ita kuma ta ce masa "bawana". In ya zo Ƙonni, kafin ya gaida kowa ya buɗe tukunyar Inna ya tsame nama, a bi shi da muciya ana dariya. Wasan taubasai ne, kowa ya sani. Shi ma ya turo nasa saƙon:

"Matata, an share miki ɗaki. Ki zo ki fara koyon tuwon gidanmu."

Wasila ta nuna wa Munkaila a zaure, tana satar kallon fuskarsa. Gogan naka ya tuntsire da dariya.

"Wanga taubashi naki ya iya shegantaka! Likitata, ni dai na ga Sakkwato ta hi. Kusa ta, ga gidan gwaggonki, ga ɗan'uwa mai kula da ke. Kowace Juma'a ina iya ƙetarawa in gan ki."

"Kai ma Sakkwato?"

"Mi ya hi wannan sauƙi?"

Ta shiga gida ranta a jagule. Ita fa so take ya ce Yamai, don ya san can ne burinta. Ko ya ce kada ta je ko'ina, ta ji haushi, amma ta san yana kishi. Sai ga shi da hannunsa yana tura ta gidan mai ce mata matata. Ko ba ya sonta ne yadda take zato? Ko kuwa ita ce ke ganin abin da babu? Ita kanta ba ta san ko Jamilu wasa yake ba, kuma ba tambayar da za a yi ba ce, don in ka tambayi taubashi ko da gaske yake, ka ba shi abin tsokana na shekara.

Ana cikin haka Jamilu ya zo Ƙonni, wai ya kawo bayanin jami'ar. Ya sha farar shadda, ya kafa hula. Ya tarar da kawunsa a garejin, Munkaila ma na nan da injinsa mai ciwon ƙarya. Wasila ta kawo shinkafa da wake da mai da yaji, ta ajiye.

"Bisimilla, samari," in ji Malam Idrissa.

Munkaila ya sunkuyar da kai. "Alhamdu lillahi, Baba, na ƙoshi." Wannan ba abin mamaki ba ne, mai neman ɗiyar mutum ba ya cin abinci a gabansa.

"Jamilu, matso."

Jamilu ya gyara zaman tsugunno, ya kalli ƙasa. "Alhamdu lillahi, Kawu, na ƙoshi."

Jama'a! Jamilun da ake kora daga bakin tukunya da muciya, yau shi ne ya ƙoshi? Malam Idrissa ya tsaya da loma a hannu, ya dubi wannan, ya dubi wancan. Samari biyu sun naɗe hannu a gaban kwano ɗaya, kowa na kunyar suruki ɗaya. Munkaila kuwa a hankali dariyar da ya yi a zaure ta dawo masa, ya ji kamar ya nutse. Ko injin bai tsaya ɗauka ba.

Kafin ya kai Badaguishiri saƙonta ya riga shi.

"Manomina, ka ga ɗan'uwa mai kula da ni? Har yanzu Sakkwato ta hi?"

Ya tsaya bakin hanya ya rubuta:

"Likitata, ni wawa ne, na yarda. Kusa na duba, ban duba komi ba. Yamai kike so tun farko, na sani, tsoron nisa ya hana ni hwaɗi. Kada ki zaɓi komi sai kin ji daga gare ni."

Babansa yana tura albasa Yamai duk kaka, kuma ya daɗe yana neman ɗa a gida da zai zauna can ya riƙa karɓar kaya, Munkaila yana zillewa don ba ya son rabuwa da garka. A ranar ya je ya ce ya yarda. Tsohon ya dube shi sama da ƙasa, ya tambayi sunan yarinyar.

Da magabatan Munkaila suka zo Ƙonni, Malam Idrissa bai ba su fuska ba. Ya ce bai san asalin yaron sosai ba. Ya ce aure da karatu kaya biyu ne, wanne za ta riƙe? Abin da bai faɗa ba shi ne ƙanwarsa. Ya gane yanzu cewa ɗakin da aka share ba na ɗaliba ba ne kawai, kuma in Wasila ta ci tuwon gidan shekaru, ranar da za ta ce a'a zumunci ne zai tsage. Amma in ya ba baƙo ya hana jininsa fa? Shi ma dai kansa ya ɗaure, har ya ɗaura wa wani injin fanka a juye.

Rajista na gab da rufewa ya kira Wasila bayan la'asar, Inna Tsahara na gefe tana tsince wake.

"Tambaya guda zan miki, ki gaya min gaskiya. Yamai kike so, ko yaron?"

Tun kafin Wasila ta san Munkaila take mafarkin labo. Amma yanzu in ta rufe ido ta hango Yamai, shi take gani tsaye a tasha. In an cire shi, za ta je? In an cire jami'ar, za ta bi shi? Hawaye suka zubo mata.

"Wallahi Baba, ban sani ba. Na yi ta rabawa, sun ƙi rabuwa."

"Sakkwato fa?"

"Wannan na sani, Baba."

Inna ta ƙyalƙyale da dariya har wake ya zube. Malam Idrissa ya daɗe yana murza baƙin mai a yatsunsa.

"Da kin ce Yamai, da na ce ƙarya kike. Da kin ce yaron, da na hana karatun. Tashi ki tai ki yi rajistarki ta Yamai."

Sannan ya kira ƙanwarsa. "Shatu, an zo neman ɗiyarki daga Badaguishiri, na ce sai na ji bakin uwarta. Ki gaya wa shaƙiyyin ɗanki, mai wasan matata, an ƙwace mishi mata."

Babu wanda ya taɓa furta maganar Jamilu da gaske, don haka babu abin da za a janye.

"Ai wasan yara ne, Yaya," in ji Gwaggo Shatu, muryarta ta ɗan dushe. "Allah ya sa alheri. Gado da katifa nawa ne, kada wanda ya riga ni."

An ɗaura aure kafin a koma karatu. Mutanen Badaguishiri suka cika unguwa da babura, na Sakkwato suka zo mota guda, Jamilu ne ma ya yi ta rabon goro, idonsa ja, bakinsa bai daina tsokana ba. Tsofaffi suka yi ta sa albarka: Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuriya ɗayyiba, ya sa a gama karatu lafiya.

Ranar tafiya, a tashar Ƙonni, Wasila na cikin mota tana kuka a kafaɗar Inna ta taga. Malam Idrissa ya ja Munkaila gefe, ya riƙe hannunsa da hannun nan nasa mai kaushi.

"Ban da kowa a Yamai, shi ya sa na hana ta. Yanzu ina da kai." Ya ƙara matse hannun. "Ɗaliba na ba ka. Ranar da ta bar zuwa aji, ba ita zan tambaya ba."

"In sha Allahu, Baba."

"To, ku tai. Allah ya yi muku albarka, ku duka biyu."

Mota ta tashi. Malam Idrissa bai koma gareji ba sai da ta ɓace masa a kwanar hanyar Yamai.