Tsagar Akwatin Kifin Marigayi

A shekarar da aka sa dokar hana fita a Kano, ƙarfe shida na yi lungunan Ƙofar Wambai suke mutuwa. Ba babur, ba mai talla. Kiran sallar ma a gaggauce ake yin sa.

Can cikin wani lungu akwai Gwaggo Baraka, wadda mijinta ya fita ranar Juma'ar da bama-bamai suka tashi, bai dawo ba. Ya bar mata 'ya ɗaya budurwa, Mardiya, da akwatin kifi na roba mai kama da gilashi, da jajayen kifaye bakwai a ciki. Da ruwan tsohuwar rijiyar tsakar gida marigayi yake cika shi, tsohon ruwan kuma ya zuƙe shi da tiyo a baki. Gwaggo ta gwada sau ɗaya ta haɗiyi ruwan kifi, ta rantse sai ta sa famfo a gindin akwatin.

Ta kira Ɗantani mai yanka robar allunan talla, ba su daidaita a kan kuɗi ba. "A kan huji ɗaya tal?" in ji ta. "Jeka, ni ma ina da hannu." Ta aro injin huji a maƙwabta. Ba a kawo wuta ba sai dab da magariba, lokacin da ko ruwan zafi ba a zubarwa a tsakar gida. Ta kwashe kifin ta zuba a baho, ba ko bisimilla, ta danna ƙarfen.

Ƙas! Tsaga ta tashi daga hujin ta nufi sama, sauran ruwan ya bi ƙasa.

Gidan ya yi tsit. Sai dutse ya faɗo kan kwano. Sai wani. Babu yaro ko ɗaya a waje, soja na bakin titi. Gwaggo ta waiwaya ta ga Mardiya tsugune gaban akwatin, tana bin tsagar da yatsa, tana wani irin gurnani kamar na tsohuwa.

Kwana uku Gwaggo tana liƙi. Ta sa gam na takalmi, ya ɓare. Ta narka leda ta ɗiga, ta ƙona yatsa. Ta shafa kwalta, akwatin ya koma kamar gindin tukunya. Kullum da safe sai ta tarar tsagar ta ƙara gaɓa ɗaya, kullum da magariba sai jifa. Mardiya ba ci, ba magana, idanu sun faɗa.

Rana ta huɗu bayan la'asar Malam Hammadu mai ruƙiya ya zo. Ya zauna nesa kaɗan da yarinyar ya fara karatu, a hankali, ba ɗaga murya. Can jikinta ya sandare, bakinta ya buɗe, wata murya da ba tata ba ta fito.

"Ya isa, Malam, kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ita ba ce, uwar ce. Da guga aka ɗebo ni daga rijiya, shekara tara ina cikin akwatin nan. Mai gidan da sallama yake sa hannu. Wannan kuwa ta zo mini da ƙarfe mai ihu ta fasa mini ɗaki."

"To ki koma rijiyarki."

"Wasu sun shiga. Garin nan kowa maɓoya yake nema, har mu. A gyara mini kafin magaribar gobe, ƙarfen nan kuma kada ya sake taɓa shi. In ba haka ba, na samu wurin zama."

Dole aka kira Ɗantani. Ya duƙa ya kalli kwaltar, ya girgiza kai. "Gwaggo, wannan titi kika yi niyyar yi?" Ta harare shi. Ya ce tsagar irin wannan roba ba ta tsayawa sai an yi mata ƙaramin huji a daidai inda ta ƙare. Bayan nan a kankare, a sa faci ciki da waje da gam ɗin da yake narkar da robar ta haɗe, a bar shi ya bushe kwana biyu cur.

"Babu huji!" muryar ta daka tsawa. Dutse ya faɗo gaban Ɗantani, ya ja baya har bango.

Malam ya buɗe baki, Gwaggo ta riga shi. Ta gyara ɗaurin zani ta matso.

"Ke baiwar Allah, sau uku ina liƙawa a gabanki. Ɗaki kike so ko rigima? Huji ɗaya, kamar ƙwayar gero."

Muryar ta sassauto. "Da hannu za a murza. Ban da wuta."

"Na yarda. Kwana uku."

"Ɗaya."

"Ki shiga ya zube da ke? Biyu da wuni. Kuma ba a jikin 'yata za ki jira ba, ga baho can."

"Baho? Ni?"

"Kifin marigayi ma a ciki suke, ba wanda ya mutu."

Muryar ta yi wata siririyar dariya. "Saura ɗaya. Ki durƙusa ki ba ni haƙuri."

Gwaggo ta tsaya ƙiƙam. Duk lungun an san ko dangin mijinta ba su taɓa jin wannan kalma a bakinta ba. Malam ya dubi agogo, shida saura kwata, ya fara laluben takalmi. Ɗantani tuni yana zaure. Inuwa ta cinye tsakar gida. Gwaggo ta dubi wuyan 'yarta, yadda ƙasusuwa suka fito cikin kwana huɗu.

"Yi haƙuri," ta ce ta cikin haƙora.

"Ban ji ba."

Gwiwoyinta suka taɓa ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. "Na yi laifi. Ki yi haƙuri, ki sakar mini yarinya."

Mardiya ta yi atishawa sau uku ta zube. Ruwan baho ya motsa ba iska, kifaye suka taru gefe guda.

Can yarinyar ta buɗe ido, ta dubi Malam, ta dubi uwarta.

"Inna, me kike yi a durƙushe?"

"Allura nake nema," in ji Gwaggo, tana goge ido da gefen mayafi. "Tashi ki sha koko, kin bar ni da aiki ni kaɗai."