Sunan Da Uwaliya Ba Ta Taɓa Faɗa Ba

Uwaliya na durƙushe a tsakar gida tana tsince albasa lokacin da wayar Attahiru, wan mijinta, ta yi ƙara. Juma'a ce, kuma ranar Juma'a kaɗai koci ke ba 'yan wasa wayoyinsu su gaida gida.

Attahiru ya miƙo mata wayar, ya rage murya. "Ga mijinki. Ki tuna abin da munka yi da ke. Ko da wasa!"

"Uwaliyata!" Muryar Zayyanu ta cika kunnenta. "Kin ji labari? Koci ya ce ni zan fara wasan jibi, gefen hagu, lamba sha ɗaya! Jesin ƙasa fa, Uwaliya!"

"Allah shi ba da sa'a, Yaya."

"Amin! Ina mutumina? Ina Mu'azu? Kawo shi in ji gwarancinai."

Ta buɗe baki, magana ta ƙi fita. Zayyanu ya tuntsire da dariya. "Kai, ke da kunyar ɗan farin ga! Ko sunanai ba ki iya faɗi. To na ji, sori."

Attahiru ya fizge wayar. "Barci yake yi. Kai dai ka riƙe gefenka da kyau, Wurno duka ta zuba maka ido."

Mu'azu ba barci yake yi ba. An yi sadakar bakwai ɗinsa tuni.

Zayyanu ya fara ƙwallo ne ba takalmi, a fadamar garinsu Wurno, bayan an cire albasa. Gudun da yake yi a kan siririyar gaɓar hanyar ruwan noman rani shi ya koya masa bin layi ba ya faɗuwa. Daga nan wani kulob a Sakkwato ya ɗauke shi, sai Kudu, sai wata ƙasar Larabawa. Uwaliya kuwa ɗiyar Malam Maccido ce, masunci a Goronyo. Ranar da ya fara ganinta, sun je wasa Goronyo ne ƙwallonsu ta faɗa gidan Malam Maccido, ta miƙo masa ita ta bayan ƙyaure ba ta ko ɗaga kai ba. Da aka ɗaura aure ya bar ta wajen mahaifiyarsa, Inna Laraba, a gidan da Attahiru ke riƙe da shi tun rasuwar mahaifinsu.

Da ta haihu sai ta yi abin da ta ga uwarta ta yi. Ɗan fari ne: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa gaban mutane, in ya yi kuka sai Inna ta ce, "Ke, zo ki ba shi nono," kana ta tashi. Inna ke goya shi. "Yaron ga" kawai take ce masa.

A daminar da aka kira Zayyanu sansanin ƙungiyar ƙasa, gulbin Rima ya cika ya malalo cikin gonaki, zazzaɓi ya biyo bayan ruwan. Rannan jikin yaron ya yi zafi kamar garwashi. Uwaliya ba ta jira Inna ba, ta ɗauki majanyi ta ɗaure shi a bayanta, Attahiru ya ja babur za su asibiti a Sakkwato. Ba su kai garin Achida ba ta ji ɗan hannun da ke riƙe da rigarta ya saki.

Gaban mutane ba ta yi kuka ba. Mata masu gaisuwa suna ta cewa, "Kai, yarinyar ga ta yi kara, ta san gidan da ta fito."

Attahiru ya tara gida ya yanke hukunci: kada wanda ya gaya wa Zayyanu sai an gama gasa. "Shekara nawa yana jiran kiran ga? In ya baro kamp, wani za a ba jesin, ba ya sake ganinta. Kuma zuwanai ba ya tada mamaci."

Ranar wasan, bayan la'asar, aka tada janareto, maƙwabta suka cika gidan gaban talabijin. Uwaliya ta tsaya bakin ƙofar ɗakinta, rabin fuskarta a bayan labule. Ana dab da tashi Zayyanu ya karɓi ƙwallo a bakin layi, ya yanke mutum ɗaya, ya yanke na biyu, ya shigo ciki ya ɗirka ta da ƙafar dama. Raga ta motsa!

Gidan ya ɗauki ihu. Sai ga Zayyanu ya rugo gaban kyamara, ya haɗa hannuwansa biyu a ƙirji yana jijjigawa kamar mai rarrashin jariri, abokansa suka jeru suna yi tare da shi.

Ihun ya mutu nan take. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba a jin komai sai ƙarar janareto. Uwaliya ta saki labulen.

Da aka gama gasa Attahiru ya taro Zayyanu a Sakkwato, sai da suka zo Achida ya iya gaya masa. Zayyanu ya shigo gida idanunsa jajur, a hannunsa 'yar ƙaramar jesi mai lamba sha ɗaya, an rubuta MU'AZU a bayanta. Ya wuce kowa ya tsaya kan Uwaliya.

"Mi na yi maki? Ina tambayarki ɗana, kina jin ina dariya, kika yi shiru! Duniya duka ta ga ina jijjiga yaron da ke cikin ƙasa!"

Ta sunkuyar da kai.

"An ce ko hawaye ba ki yi ba. Wannan ba kunya ba ce, ba ki son shi ne! Yi magana mana!"

Ta ɗago ta dubi Attahiru. Ya kau da kai yana gyara hula. Ta yaya za ta tona asirin wan mijinta gaban ƙaninsa? Ta mai da idonta ƙasa.

Zayyanu ya nuna mata ƙofa. "Tattara ki tafi Goronyo. In na neme ki, to."

A Goronyo Malam Maccido ya fusata. "In ba shi sonki shi sawwaƙe maki! Ɗan ƙwallo za shi wulaƙanta min ɗiya?"

"Baba, don Allah a bar shi. Zafin rashi ne. Ni dai zan jira."

Ta jira. Ruwa ya janye, aka dasa albasa, aka cire. Shi kuwa Zayyanu ya koma kulob ɗinsa ƙafa ta ƙi. Yakan karɓi ƙwallo a gefe ya tsaya kamar wanda ya manta hanya. Koci ya mai da shi benci, ƙungiyar ƙasa ba ta sake kiransa ba.

Da ya zo hutu, Inna Laraba ta same shi zaune a ɗakin Uwaliya, 'yar jesin nan a kan gwiwarsa.

"Na yi shiru don kada in raba ka da ɗan'uwanka, amma shirun ya ishe ni," ta ce. "Attahiru ne ya hana. Yarinyar ga ta durƙusa gabanai tana roƙo a gaya maka, ya ce in ta buɗe baki ita ta kashe maka sana'a. Ka ce ba ta yi kuka ba? Ni ke jin ta ta bayan bango. A bayanta ya cika, Zayyanu. Majanyin da ta goya shi rannan, har ta bar gidan ga yana ɗaure a cikinta, ƙarƙashin zane. Kai kana da kyamara ka nuna wa duniya kana son ɗanka. Ita mi take da shi?"

Zayyanu ya kifa kai a cinyar uwarsa ya yi kukan da bai yi ba tun Achida.

Washegari ya sa Attahiru gaba suka tafi biko. Attahiru ya durƙusa gaban Malam Maccido ya ba da haƙuri, tsohon ya daɗe yana gyaran komarsa kafin ya nuna bayan gida da haɓa. Zayyanu ya same ta a bakin hanyar ruwan da ke gangarowa daga madatsa, tana wanki. Ta rame. Da ta miƙe, ya ga bakin majanyin ya leƙo ta gefen zanenta.

"Uwaliya, na zalunce ki. Ki yafe min."

"Ban riƙe ka ba, Yaya."

Ya miƙa mata 'yar jesin. Ta juya ta, ta bi haruffan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar yadda aka koya mata a firamare. Ta duba hagu da dama, babu kowa sai ruwa.

"Mu'azu," ta ce. "Mu'azuna..."

Kukan ya ɓalle mata gaba ɗaya, ya riƙe ta, suka yi shi tare.

Da zai koma ya tafi da ita. Ƙafarsa ta dawo, bayan shekara aka sake kiransa ƙungiyar ƙasa, Allah kuma ya ba su ɗiya mace, Maryam. Amma bai sake jijjiga hannu gaban kyamara ba. In ya ci ƙwallo, goshi yake kaiwa ƙasa.

'Yan'uwana, kada mu auna son mutum da yawan maganarsa ko da hawayen da muka gani, domin wani nasa a ɗaure yake ƙarƙashin zane. Kuma manyanmu, don Allah, in za ku ɓoye wa mutum labarin da yake haƙƙinsa ne, kada ku ɗora nauyin a kan wadda kunya ba za ta bar ta ta kare kanta ba. Uwaliya ta yi haƙuri, Allah bai bar ta ba.