Keken Gwadabe a Ɗakin Kande

Dutsen farko ya faɗo ne ana kiran magariba. Fatsuma tana tsakar gida tana kwashe tuwo, 'yarta Daso tana riƙe mata fitila, sai suka ji ƙara a kan kwano. Suka ce yaran unguwar Kwamba ne da rashin kunyarsu. Na biyu ya faɗa cikin tukunyar miya. Na uku bai zo daga waje ba, daga ɗakin da ke jikin zaure ya fito, alhali ƙofarsa a rufe take.

Maigidan, Gwadabe, tela ne, kuma shekara goma sha biyar ya yi yana ɗinki a kasuwa. Da aka ce za a gina sabon babban birni a kusa, baƙi suka cika gari, aka fara tayar da tsofaffin masu rumfuna. Masu sana'a suka koma gida ɗaya bayan ɗaya. Mai gyaran agogo ya baje a zaurensa, wani akawu ma ya ɗauko tafireta yana buga wa mutane takardu a ƙofar ɗaki. Gwadabe ya ga haka, ya ce shi ma ya huta da zirga-zirga, ya sa aka ɗauko masa kekensa na ɗinki a ka.

Ɗakin da ya zaɓa shi ne wanda marigayiya mahaifiyarsa Kande take sharewa kullum da safe ta ja ƙofa. Takan ce daga hantsi zuwa la'asar akwai mai barci a ciki. Ba a taɓa samun matsala ba, don a wannan lokacin maza duk suna waje. Fatsuma ta tuna masa, ya ce tsohuwa ta tafi da tsoronta.

Da ya fara ɗinki a ɗakin, kwana uku ana jifa, ran na huɗu Daso ta faɗi. Yarinya ce 'yar shekara sha uku, mai surutu, wadda ko tsintsiya ta samu sai ta yi mata hira. Yanzu ga ta kwance a tabarma, ido a kafe, ƙafafunta suna motsi sama da ƙasa kamar mai taka keke. Ba su tsaya ba har dugaduganta suka fashe. Fatsuma ta danne su da ƙirjinta tana kuka, su kuwa suna ta takawa.

Aka je garin Garam aka ɗauko Malam Isiyaku, tsoho mai ƙarancin magana. Ya iso rana tana faɗuwa, ya zauna wajen kan yarinyar, ya daɗe yana karatu. Can sai bakin Daso ya buɗe, muryar wani dattijo ta fito, a gajiye.

"Malam, ni ban zo da faɗa ba. Ni da Kande mun raba gidan nan. Rana tawa ce. Yanzu ɗanta ya zauna mini a ka da ƙarfe mai surutu."

"Yarinyar me ta yi maka?"

"Ba ta yi komai ba. Shi ne ba ya jin jifa."

Malam ya ce wa aljanin da ke magana ya fita, ya bar gidan gaba ɗaya. Muryar ta ce ta yarda, amma a bar ta ta yi barcin yini ɗaya a ɗakinta, na ban kwana.

"Gobe da la'asar zan tafi. In na ji ƙarar nan kafin lokacin, zan tafi da muryar wannan yarinyar."

Gwadabe ya rantse. Ƙafafun Daso suka tsaya nan take, ta yi atishawa, ta kira uwarta.

Washegari da azahar shugaban leburorin safiyo masu awon ƙasa ya zo karɓar wandunan mutanensa, motarsu tana jira a bakin hanya. Ƙafar wando ɗaya ce kacal ta rage ba a kalmashe ba. Da allura da zare Gwadabe zai iya gamawa, amma ya ji kunyar baƙo ya ga tela yana ɗinkin hannu. Ya dubi rana, ya ce ai la'asar ta kusa, ya tura ƙofar ɗakin.

A lokacin Daso tana zaune jikin uwarta, ta sha kunu, har ta fara dariya. Ta juyo ta ce, "Inna, don Allah ki ba ni..."

Keken ya ɗauka. Bakinta ya ci gaba da motsi, babu abin da ya fito.

Aljanin ya cika alkawari, ba a ƙara jifa a gidan ba. Malam Isiyaku ya dawo ya yi iya yinsa, ya ce wanda zai roƙa ya riga ya yi nisa. Abin da ya fi ciwo shi ne Gwadabe bai rasa ko yini ɗaya na aiki ba. Ya zaunar da Daso kusa da keken tana sa maɓalli, in masu ɗinki suka zo yakan ce musu aiki a gida ya fi, ga mai taya shi ba ta da surutu.

Fatsuma kuwa ba ta ƙara yi masa magana ba sai ta dole. Kullum da azahar takan zo gaban 'yarta da wani abu, yau ruwa, gobe kallabi, jibi ƙosai, ta miƙa mata ta ce, "Wannan ne?" Daso ta duba, ta girgiza kai.