Ranar da Aka Kira Ni Okaziyo

"Ku matsa ma okaziyo ta zauna!"

Tasalla ce ta faɗa da ƙarfi, a gidan suna a Tsibiri, tsakar gida cike da mata. 'Yan matan da ke gefenta suka kwashe da dariya har da tafawa.

Ni ma na yi dariya.

Wannan ne yake ƙona mini rai har yau. Ban yi lakkwal ba, wato makarantar boko, ban san kalmar ba, na ɗauka wani kirari ne na 'yan boko. Har cewa na yi, "Na gode ƙanwata," na gyara kallabina na zauna.

Wata mata da ke kusa da ni, matar direba ce, ta taɓa gwiwata.

"Baiwar Allah, kin san mi ta ce maki?"

"A'a."

"Okaziyo ita ce motar da wani ya riga ya hau, ya gaji da ita, ya saida."

Sai na ji tuwon da ke hannuna ya yi nauyi.

Tasalla ta karkato kai, 'yan kunnenta na zinariya suna rawa.

"Kada ki ga laihina, ba maganata ba ce. Yaya Ilyasu ne ya hwaɗa gaban Baba. Ya ce shi ba ya hwara rayuwa da okaziyo... da kunnena na ji!"

Na wanke hannu, na yi wa mai jego barka, na fito.

Sunana Tsahara. Bazawara ce ni a lokacin, aurena na fari ya mutu a Tasawa, na dawo Maraɗi ina matsar man gyaɗa ina tuyar ƙuli-ƙuli a unguwar Bagalam. Zamanin mulkin shugaba Diori ne, shekarun da ruwa ya fara yi mana rowa. Ilyasu kuwa saurayi ne, bai taɓa aure ba. Shi ke jan kamiyo, babbar motar kaya ta kawunsa Alhaji Barmo, wanda ya rene shi tun yana maraya, kuma Alhajin nan shi ne uban Tasalla.

Ƙuli ya fara zuwa saye. Daga baya na lura mutum ɗaya ba zai iya cin ƙulin da yake saye ba, ko da haƙoran jaki gare shi.

Burinsa ɗaya ne, ya mallaki motar kansa, ya riƙa ɗaukar fasinja daga Maraɗi zuwa Tsibiri da Jiratawa, ya daina kwana a hanyar gyaɗa. Ya daɗe yana tari, amma abin da ya tara bai kai sabuwa ba. Alhaji ya ce zai cika masa a sayo sabuwa dal daga Yamai. Bai ce komai a kan Tasalla ba, ba ya ma bukatar ya ce. Duk unguwa ta san cikon nan da amarya yake tafe.

In kuma ni ya tsaya a kai, to sai tsohuwar mota da gumin kansa.

A haka muka yi ta ja. Yau ya ce, "Bari kaka ta yi, sanyin idona." Kaka ta yi, ya ce, "Bari Kawu ya huce." Ni kuma shekaru suna tafiya, hannuna duk kanta saboda turmi, zawarawa biyu na kora dominsa. Ina son shi, wannan ba na musu. Amma na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Da na dawo daga Tsibiri na jira shi ya zo in ji daga bakinsa. Bai zo ba. Washegari ma shiru. Da na sa aka tambaya a tasha, aka ce ya yi tafiya, ba wanda ya san ina.

To, me kuma ya rage?

Na kwaso turmin atamfar da ya ba ni da sallah, da kwalbar turare, da 'yar sarƙar azurfa, na zuba a fanteka na ba maƙwabciyata ta kai ɗakinsa. Na rufe nawa ɗakin, na tafi Jiratawa wurin Gwaggo, ƙanwar mahaifina.

Gwaggo ta saurare ni tana ɓarar gyaɗa, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Ke kin tambaye shi?"

"Gwaggo, na gaji da tambaya."

"Uhm. Yarinya ta jehe ki da magana, kin ɗauka kin goya. To zauna ki kama mani ɓara, tunda hannunki bai gaji ba."

Na zauna. Kwanaki ina ɓara, ina surfe, ina kwanciya da ciwon kai. Ko kuka ban yi ba, ƙarfin yinsa ma ba ni da shi.

Wata rana bayan azahar, maza duk suna gona wurin girbi, muka ji wani abu yana tari a ƙofar gida. Ya yi tari, ya yi atishawa, ya mutu.

Sai sallama.

Na san muryar. Gabana ya faɗi, na ji haushin kaina da ya faɗi.

"Tashi ki tahi," in ji Gwaggo. "Ni ba ni da baƙo mai gemu."

Yana tsaye a zaure, idanunsa jajur, rigarsa duk baƙin mai. Ya rame. A hannunsa ga fantekata.

"Tsahara... mi na yi maki?"

"Ka hwaɗa ko ba ka hwaɗa ba?"

"Mi?"

"Cewa ba ka hwara rayuwa da okaziyo."

Ya ɗan yi tunani, sai ya dafe kai.

"Wayyo Allah! Na hwaɗa. Amma tun bara ne, kuma wallahi kan mota nake magana! Kawu ya tambaye ni wace iri nake so, na ce sabuwa. Wa ya kawo maki?"

"Wadda ta ji da kunnenta. Gaban matan Tsibiri kaf ta kira ni da sunan, ni kuma na ce mata na gode."

Ya runtse ido.

"Taho ki gani," ya ce. "Don Allah, taho ki gani kawai."

Na bi shi waje. Ga ta nan a gindin bishiyar bedi, wata shuɗiyar mota da rana ta cinye launinta, ƙofar baya ɗaure da igiya.

"Katsina na tahi, can na samo ta. Na gaya ma Kawu ya riƙe cikonshi. Ya amshe makullin kamiyo, ya ce kada in ƙara taka mashi gida." Ya shafa bayan motar. "Kuma kin san mi na gane, masoyiyata? Okaziyo ta hi sabuwa! Ta san hanya, ta sha rami ta sha yashi ba ta watse ba. Wanda ya saida ta bai san darajarta ba ne. In ta samu mai kula da ita..."

"Ilyasu."

"...sai ta hi sabuwa ƙarko, wallahi! Kamar ke..."

"Ilyasu, ya isa!"

Ya tsaya baki buɗe. Na ga alama tun daga Katsina yake haddar wannan jawabi, yana jin ya zo da abin da zai narkar da ni.

"Ashe kai ma ka yarda."

"Na yarda da mi?"

"Cewa ni ce ita. Tasalla ta ce ni okaziyo ce mara daraja, kai ka ce ni okaziyo ce mai ƙarko. Ina bambancin? Duk ku biyu kasuwa kunka kai ni, kuna taya ni!"

"Ba haka nake nuhi ba..."

"Aure na yi, bai yi ba, na hito. Ba hawa na aka yi aka saida ba. Ni mutum ce, Ilyasu. Ina da uwa da uba kamar kowa."

Sai a lokacin hawayen suka zo, a gaban wanda ban so ya gani ba.

"Ka tahi. Na gode da wahalar da ka sha, amma ka tahi. Na gaji."

Ya ajiye fantekar a kan dakali, ya shiga mota kamar wanda aka zare wa laka. Ya murɗa makulli.

Ta yi tari, ta yi shiru.

Ya sake. Ko tarin ma ta ƙi.

Ya fito yana kallon ƙasa.

"Sai an tura. Kuma ba kowa a gari."

Na share fuska da bakin zane. Ni dai so nake ya ɓace mini da gani.

"Mi zan yi?"

"Ki shiga ki riƙe mani sitiyari, ni in tura."

Na zagaya hagu, inda na saba ganinsa yana zama a kamiyo, na buɗe na zauna. Na miƙa hannu... babu komai a gabana sai wani ɗan akwati.

"Ilyasu! Har sitiyarin ba su ba ka ba?"

Duk da halin da yake ciki sai da dariya ta kuɓuce masa.

"Shina ɗaya gehen. Motar Najeriya ce. Bana sunka sauya hannun tuƙi, shi ya sa masu irin wagga suke rabuwa da su da sauƙi."

Na matsa dama ina harararsa. Ya leƙo ta taga ya sa giya, ya nuna mini wani ƙarfe a ƙasa.

"Taka wanga na hagu har ƙasa. In na ce saki, ki saki. In ta tashi, ki sake takawa, ki taka na tsakiya. Kin riƙe?"

"Na riƙe."

Ban riƙe komai ba.

Ya koma baya ya sa kafaɗa. Ina jin nishinsa, motar ta fara gangarawa a hankali, ta ƙara sauri.

"Saki!"

Na saki. Ta yi tsalle, ta yi gurnani, ta tashi... ta kuma tafi da ni!

"Na tsakiya! Tsahara, na tsakiya!"

Wane na tsakiya? Ƙafata ta sami wani na taka, sai motar ta ƙara zabura. Kaji suka watse. Ina salati, ina murɗa sitiyari kamar mai tuƙa tuwo, ina hango shi ta madubi yana bina a guje, takalmi ɗaya ya fita. Na kauce wa rijiya da ikon Allah, na nufi wani tarin karan gero da aka jingine a kututture.

Garam!

Motar ta mutu. Ƙura ta tashi, na ji ƙarar gilashi yana zuba.

Na zauna riƙe da sitiyari. Abin da ya zo mini a rai shi ne, shi ke nan, na fasa masa duk abin da ya mallaka a duniya.

Ya iso yana haki, ya fizge ƙofa.

"Tsahara! Kin ji ciwo? Ɗago in gani... kanki? Hannunki? Yi mani magana don Allah!"

"Hitilar ta hwashe..."

"Motsa ƙahwar in gani!"

"Ilyasu, gaban motar ya lotse."

"Ina ruwana! Nan ne ke maki zahi? Nan?"

Ya durƙusa a cikin ƙura, yana duba yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Ina kallonsa, ina jira ya waiga ko sau ɗaya ya dubi abin da ya yi shekaru yana tara wa kuɗi, abin da ya rasa kawunsa a kansa.

Bai waiga ba.

Gwaggo ta iso tana ɗingishi, ta dube mu, ta dubi motar, ta ce, "To, an gama kashe kajin mutane?" Ta juya abinta.

Na sauke ajiyar zuciya. Gajiyar tana nan, amma ta sauka daga ƙirjina ta koma ƙafafu.

"Ban iya magana ba, Tsahara," ya ce a hankali. "Duk hanya ina shirya abin da zan ce, na zo na ɓata. Ni dai so nake in na dawo gida in tarar da ke. Shi ke nan abin da na sani."

"Da da wannan ka hwara, da hitilarka na nan."

Ya ɗago ido.

"Ka turo a tambaya," na ce.

"Wa zan turo? Kawu ya yi hushi, ba ni da kowa yanzu."

"Ka turo ko limamin tasha ne. Amma Juma'ar ga, Ilyasu. Ba bayan kaka ba."

"Juma'ar ga," ya ce.

Ya kuwa turo.