Ƙafar Mai Goge

Ranar da Tordis ta turo ƙofar ɗakin gyaran sautinsa a garin Seljord, ruwan sama na ɗiga daga rigarta, Eilif ya manta da kofin shayin da ke hannunsa. Kiɗan gogen mahaifinta ta kawo, wanda ta naɗa a falonsu, tana so a yi masa gyaran ƙarshe kafin a buga faifai.

Ta ja kujera kusa da shi, ta hana shi sakat da tambaya. Me ya sa wannan layin yake tsalle a kwamfuta? Don me yake saurare da manyan sifiku, sannan ya koma ji ta waya? Ya ce aikinsa kamar guga ne bayan ɗinki. Ta ce to ya kiyaye, kar ya ƙona wa babanta riga.

Aikin da ba ya wuce yini sai ga shi ya ci makonni. Kafin a gama ta raɗa masa suna Kunnena, har sun fara zancen aure.

Wani dum-dum ne a ƙarƙashin kiɗan ya dame shi. Ya ɗauka ƙarar katakon daɓe ce, ya share shi tas, ya tura musu. Da yamma saƙonta ya shigo.

"Kunnena, ka yanke wa Baba ƙafa. Ya ce wanda ya gurgunta masa kiɗa ba zai zauna a teburinsa ba. Kar ka zo cin abincin Lahadi."

Ashe dum-dum ɗin ƙafar mahaifinta ce, dattijo Sjur. Da ita mai goge yake dukan ƙasa, ita masu rawa suke bi. Halvard, ɗalibin dattijon da ya daɗe yana son Tordis, ya samu abin yi, yana yawo da maganar yaron kwamfuta ba shi da kunne. Ita kuwa ta faɗa wa Eilif gaskiya, ba za ta auri wanda mahaifinta ba ya gaisawa da shi ba.

Ranar Lahadi Eilif ya saɓi jakarsa ya tafi gidansu. Ya tarar da dattijon yana faskare.

"Baba, ba haƙuri kawai na zo bayarwa ba. So nake in ji ƙafar nan da kyau."

Sjur ya ajiye gatarin, ya shiga ya ɗauko gogen, ya fara kiɗa yana dukan ƙasa da ƙafa. Eilif ya durƙusa ya ɗora tafinsa a daɓe. Can ya ɗago, ya tambaya me ya sa duka ɗaya yake jan jiki, ɗayan kuma yana sauri. Dattijon ya ce a nan mai rawa yake juya abokiyarsa.

Nan take Eilif ya buɗe kwamfuta ya maido da ƙafar. Sjur ya ce a ƙara mata ƙarfi. Eilif ya ƙara kaɗan. Dattijon ya ce a sake ƙarawa. Eilif ya ce a'a, za ta haɗiye gogen. Suka yi ta musu har miyar kifi ta huce.

"Yaron nan taurin kai ne da shi," Sjur ya ce wa 'yarsa. "Kawo masa faranti."

Da rani aka ɗaura aure a ƙaramin cocin bakin tafki. Dattijon ya riƙe hannayensu biyu, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana, kar su biyo ubansu a taurin kai. Tordis ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta.