Gam Bai Bushe Ba

A wani ƙauye kusa da garin Ayaviri akwai wata yarinya mai suna Rosmeri. Tana aji huɗu a firamare. Tana da ƙoƙari a makaranta, amma hannunta ba ya zama wuri ɗaya. Duk abin da ta gani sai ta taɓa.

Babanta, Teofilo, madara yake ɗauka. Kullum da asuba yakan ɗaure garwa biyu a bayan babur, ya bi gidajen masu shanu. Daga nan ya kai madarar cikin gari, wurin masu yin cuku.

Da watan Yuni ya kama, lokacin hunturu a ƙasarsu, sanyi ya tsananta. Ruwan da ya kwana a bokiti yakan zama ƙanƙara. Yatsun Baba suka tsattsage. Safar hannu biyu yake sawa, amma a banza.

Wata rana ya dawo gida yana hura hannu.

Ya ce, "Yau saura ƙiris in afka wa tumakin mutane. Na ce wa yatsuna su ja birki, suka yi kunnen ƙashi."

Mama ta ce, "Kai kana dariya, ni kuwa gabana faɗuwa yake. Bari in kira Fermin."

Fermin ƙanen Mama ne. Bakanike ne, garejinsa yana kusa da makarantar su Rosmeri. Ranar Lahadi, bayan an taso daga coci, ya zo da wani ɗan kwali.

Ya ce, "Yaya Teofilo, daga yau ka zama ɗan gata. Wannan robar hannun babur ce mai waya a ciki. Ka danna makunni, batir ya ba ta wuta, ta yi ɗumi kamar dankalin da aka tono daga toka."

Baba ya ce, "To, in dai ba za ta gasa ni ba."

"Wa zai ci gasasshen tsoho?" in ji Kawu. Kowa ya yi dariya.

Rosmeri ta tsuguna tana kallo. Kawu ya yanke tsohuwar roba da wuƙa. Ya goge wurin tas. Ya ja waya ta ƙarƙashin tanki har zuwa batir. Sannan ya shafa gam, ya tura sabuwar roba a hannun hagu.

Da ya zo hannun dama sai ya rage sauri. Ya tura robar a hankali, ya bar ɗan tsakani, bai fi kaurin farce ba.

Rosmeri ta ce, "Kawu, ba ta shiga duka ba."

"Da gangan na bari. A nan totur yake. Idan robar ta matsu da ƙarfen nan, totur ba zai koma ba. Ko an sake shi, babur zai yi ta gudu."

Ya goge hannu, ya dube ta.

"Gam ɗin nan sai gobe zai bushe. Kada kowa ya taɓa. Ke sarkin taɓe-taɓe, da ke nake."

"Na ji, Kawu."

Da yamma Mama ta aike ta rumfa ta zuba wa ɓerayen Masar ciyawa. A nan ake ajiye babur. Robar hannun baƙa wuluk, tana ta sheƙi.

Rosmeri ta leƙa waje. Ba kowa. Ta ce a ranta, "Riƙewa kawai zan yi."

Ta hau babur. Ta riƙe hagu, ta riƙe dama. Sai ta ga kamar tana kan hanyar gari, iska tana kaɗa kitsonta. Ta murɗa totur da ƙarfi, tana "Buuum! Buuum!"

Sai ta ji robar ta zame ciki. Gam ya tsattsafo ya shafe mata tafin hannu.

Ta saki totur. Bai koma ba.

Ta mayar da shi da hannu. Ta sake murɗawa, ta saki. Ya tsaya cak inda ta bar shi. Ta ja robar da dukkan ƙarfinta, ta ƙi motsi.

Daga kicin Mama ta ƙwala kira, "Rosmeri! Miya tana hucewa!"

Ta mayar da totur daidai, ta goge hannu da ciyawa, ta fito.

A wurin cin abinci ta ɓoye hannun dama cikin rigar sanyi. Da hagu take shan miya.

Mama ta ce, "Yau kuma bahaguwa kika koma?"

"Sanyi nake ji, Mama."

Baba yana ta fara'a. Ya ce, "Gobe ni da sanyi mun raba gari."

Rosmeri ta so ta gaya masa. Amma ta tuna fuskar Baba idan ransa ya ɓaci. Ta ce a ranta, "Da safe zan gaya masa, kafin ya fita."

Da ta farka, rana ta fito. Ta ruga rumfa ba takalmi. Babu babur, sai sawun taya.

"Mama, Baba ya tafi?"

"Tun yaushe! Zo ki sha kununki, za ki makara."

Ta bar kunun, ta kama hanyar makaranta.

A aji, Malama Hilda tana koyar da lissafi. Rosmeri ba ta jin komai. Tunaninta yana kan gangaren da ke kafin gada, inda Baba ke bi da garwa cike da madara. Duk babur ɗin da ya wuce sai ta zabura ta dubi taga.

Malama ta ce, "Rosmeri, taso ki yi mana wannan."

Ta karɓi alli. Allin ya suɓuce mata, ya faɗi ya karye. Yara suka yi dariya. Malama ba ta yi ba. Ta kama hannun yarinyar, ta ga busasshen gam a tafinta.

Ta fita da ita waje, ta durƙusa daidai tsayinta.

"Gaya min. Me ya faru?"

Rosmeri ta fashe da kuka. Ta faɗi komai, tun daga hawan babur har maƙalewar totur.

"Babanki ya sani?"

"A'a, Malama."

Nan take Malama ta ciro waya ta kira Baba. Ba ta shiga ba. Ta sake kira. Shiru.

Rosmeri ta ce, "Malama, ko ya faɗi ne?"

"Bayan tudu waya ba ta kamawa. Kada ki sa wa ranki abin da ba ki gani ba. Zo mu je wurin kawunki."

Kawu Fermin yana kwance a ƙarƙashin wata mota. Da ya ji labari ya miƙe zumbur. Bai yi faɗa ba, bai kuma yi wasa ba. Wannan ya fi ba Rosmeri tsoro.

Ya tayar da babur ɗinsa mai ƙafa uku, na ɗaukar kaya. Ya kifa mata hular kwano.

"Hau. Ki riƙe da kyau."

Suka bi hanyar madara. Iska tana yankan fuska. Suka isa gida na farko, aka ce Baba ya ɗauki madara ya wuce. Gida na biyu ma haka. Rosmeri tana duban kowane rami a bakin hanya.

Da suka hau kan tudu sai ta hango wani farin abu a ƙasan gangare. Madara ce malale a kan hanya. Ga babur kwance cikin ciyawa.

"Baba!"

Baba yana zaune a kan dutse. Wandonsa ya yage a gwiwa, jini ya bushe a wurin. Da ya ga Kawu ya miƙe yana ɗingishi.

"Fermin, wane irin aiki ka yi min? Tun asuba nake jin totur da nauyi, na ɗauka sabunta ce, ina mayar da shi da hannu. A nan kare ya gitta, na saki, babur ya ƙara wuta! Da ban damƙi kulochi da birki ba, da yanzu a rafi za ka same ni."

Kawu ya dubi Rosmeri.

Rosmeri ta matsa gaba, ta buɗe tafin hannunta.

"Baba, ba Kawu ba ne. Ni ce. Jiya na hau, na murɗa totur, robar ta zame. Na ga ya maƙale, na ƙi faɗa."

Baba ya dubi busasshen gam ɗin da ke tafinta.

"Kin gani, kika yi shiru?"

"Tsoro na ji kada ka yi min faɗa."

Baba ya koma ya zauna. Ya jawo ta jikinsa.

Ya ce, "Da kin faɗa jiya, faɗa zan yi miki, in kira kawunki ya gyara, shi ke nan. Yau kuwa dubi gwiwata. Dubi madarar Kaka Saturnina a ƙasa."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Na yi. Fermin, kai ma ka yi haƙuri, na ɗora maka laifin da ba naka ba."

Kawu ya ce, "Ba komai, Yaya. Amma cuku guda za ka kawo min, na wanke zuciya."

Suka ɗora babur da garwar da ta tsira a bayan mai ƙafa uku. A asibitin ƙauye aka wanke wa Baba ciwo. Ba karaya. Mama ta yi ta gode wa Allah, sannan ta yi wa Rosmeri faɗan da ya dace.

Kawu ya kankare gam, ya sake sa robar daidai. Washegari Baba ya fita aiki, ya dawo yatsunsa da ɗumi, yana ta yabon abin.

Ranar Asabar ya kai Rosmeri gidan Kaka Saturnina, tsohuwar da madararta ta zube. Ya ce ta yi bayani da bakinta.

Kaka ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Au, ke ce kika shayar da hanya madarata? To hanya ta ƙoshi. Ɗauki bokiti."

Rosmeri ta wuni tana taya ta aiki. Ta wanke garwa, ta ba maruƙa ruwa, ta koyi tatsa. Sau biyu saniya tana make ta da wutsiya, Kaka tana ta ƙyaƙyata dariya. Da za su tafi, ta ba ta dafaffiyar masara da yankin cuku.

A hanyar gida Baba ya ce, "To, me kika koya?"

Rosmeri ta ce, "Idan aka ce kada in taɓa abu, akwai dalili. Idan kuma na ɓata abu, in faɗa nan take, kafin ya cuci wani."

Baba ya ce, "Haka ne, 'yata. Kuskure kowa yana yi. Ɓoye shi ne ke jawo babbar ɓarna."

Ta gutsuro masa cuku, suka ƙarasa gida suna ci suna hira.